Zuwa Ga Angon Ƙarni a Fatakwal

Ƙofar Marusa, Katsina.

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar suna, ya mai jego, ya baƙuwarmu? Allah Ya raya ta, Ya yi mata albarka. Amma kafin addu'a ta yi nisa bari in amayar da abin da ke raina: a ce matarka ta haihu, ni sai a teburin mai shayi zan ji? An yi suna, an cinye rago, ko ƙafa ba ka aiko ba. Sai da yarinya ta hana ka barci sannan ka tuna kana da aboki a Katsina. To na yafe ragon, goro dai bashi ne.

Na ga saƙonka. Ka ce tun da aka yi mata allurar sati 6 take kuka, jikinta ya yi zafi, cinya ta ɗan kumbura, kuma Hajiyarku ta ce maka a waya a bar jaririya ta huta da wannan soke-soke tunda lafiyarta ƙalau. Ka faɗo hannun gwani, domin tun da Maman Abba ta koma kwalejin horar da malamai ta FCE ƙarasa karatunta, ni ne mai kai 'yarmu Ummi awo. Ni ɗin nan da ka sani. Kar ka yi dariya, 'yan majalisa sun riga ka, har sun sa mani suna Ungozoma.

Ranar farko da na shiga sha-ka-tafin unguwarmu, benci cike da mata, kowacce da goyo da kati a leda, ni kaɗai ne mai gemu. Ka san kirarinmu, kunya gare mu ba dai tsoro ba, to ranar kunyar ce ta kusa kashe ni. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Malam, uwar tata lafiya dai ko?” Na ce lafiya lau, tana makaranta. Ta ce “Ikon Allah!” har sau biyu, ta matsa mani wuri. Yanzu kuwa in na makara su ke riƙe mani layi. Abin da ke ɓata rai kawai shi ne zaman jira. Sai ka je da sassafe, a ce ba za a buɗe kwalbar allurar ƙyanda ba sai yara sun taru, saboda in an buɗe ta ba ta kwana. Hujja ce, na yarda, amma mai zuwa ofis ba ya jin daɗinta.

Maganar Ummi nake so ka saurara da kyau. Da damina ta yi gudawa, aka ce haƙori ne. Kowa a gidan ya ce haƙori ne, har mai kawo mana ruwa. Gudawar ta tsaya, yarinya tana wasanta, tana rarrafe, ba wanda zai kalle ta ya ce ba ta da lafiya. Da lokacin allurar wata 9 ya yi na kai ta, aka ɗora ta a sikeli, malamar ta ɗiga alama a katin. Sai na ga ta tsaya tana kallon takardar. Ta juyo da ita ta nuna mani: layin nauyin da ya kamata ya riƙa hawa ya kwanta, bai ƙaru ba tun awon baya. Ta ɗauko ɗan tef ɗin nan mai launi uku ta naɗa a damtsen hagu. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, an fara shiga haɗari. Sama da haka kore. Na Ummi rawaya ya nuna. Wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Mu da ba mu rasa hatsi a gida ba, a ce 'yata tana bakin tamowa?

Malamar ba ta yi mani faɗa ba, tambaya ta yi: me take ci ban da nono? Na ce koko. Ta ce da me? Na ce da sukari. Ta yi dariya ta ce ai cika ciki kawai muke yi. Ta ce a soya gero da waken soya da gyaɗa a niƙa tare a riƙa dama mata da kauri, a sa ɗan man ja, a ba ta ƙwai da wake da garin busasshen kifi da zogale, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, kuma kar a kuskura a yaye ta yanzu. Ta ce in gudawa ta dawo a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc har kwana 10, in kuma aka ga maɗiga ta faɗa, ruwan jiki ne ya ƙare, asibiti za a nufa, ba shafe-shafe a ka ba.

A kan ƙwan nan aka yi yaƙi. Inna ta ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. Na ce Inna, ni ban ci ƙwai ina yaro ba, amma wa ya ƙarar da mangwaron gidan Liman? Ta ce wai ai kai, mutumina, kai ne ka lalata ni. Ka ji, har yau sunanka bai wanku ba a gidanmu. Ƙarshe dai ta sakar mana, yanzu ita ce ma ke ɓoye ƙwan zabi don jikarta. Da muka koma awo tef ya nuna kore, layin ya ɗaga kai. Na fito na sayi tsire na kai majalisa ban gaya wa kowa dalili ba.

Af, majalisa ta tuna mani. Dogo ya ƙara aure, kuma wai ba mu san da maganar ba sai ana gobe ɗaurin aure. Mai shayi ya koma kusa da Ƙofar Ƙaura, ya sayi firij, shayinsa ya ƙara tsada ya rage madara. Malam na Islamiyya ya sauka daga Hajji ya kawo mana dabino da hula ɗaya tak, mu shida, har yau ana shari'a a kanta. Hatsi kuwa kar ka tambaya. Ga mutanenmu na wajen Batsari da Jibiya da yawa sun baro gonakinsu sun dawo cikin gari, kuma 'ya'yansu ne za ka fi gani a layin masu karɓar abincin gyaɗar nan na leda da ake ba masu tamowa. In ka ga damtsen wasu yaran sai ka kasa cin abinci ranar. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Ina muka tsaya? Kati. Ka ɗauko na 'yarka ka duba, komai a rubuce yake. Ranar haihuwa an yi mata ta tarin fuka, wadda za ta bar ɗan tabo a damtse, da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna. Wadda ta sa ta kuka ita ce mai haɗe da cuta biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, kuma sau uku ake yin ta: sati 6, sati 10, sati 14. Tare da ita akwai ta ciwon huhu da ɗigon gudawa da aka fara bayarwa a 2022, wanda Abba bai samu ba a lokacinsa. A wata 6 za a matsa mata bitamin A a baki. A wata 9 sai ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 a maimaita ƙyanda. Wannan ta ƙarshen ce mutane ke mantawa, don yaro ya fara tafiya an ɗauka an gama. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati. Zafin jikin kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, a ba ta nono sosai, a ba ta farasitamol na jarirai daidai yadda malaman suka auna maku. In ya wuce haka, ko ta ƙi kama nono, ko ta yi jijjiga, to a koma da ita nan take.

Hajiya kuma kar ka yi gardama da ita a waya, ba za ka ci ba. Ka tuna mata shekarar 2023 da mashaƙo ya ɓarke a Kano da Yobe da nan Katsina, yawancin yaran da ya kama ba a yi masu allurar ba ko ba a ƙarasa ba. Ka tambaye ta guragu nawa ta sani a unguwa sa'annin mu, nawa ta sani sa'annin Abba. Tun Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka, kuma ɗigon nan da ake ta tsegumi a kansa ne ya yi aikin. Ko ka bar mani ita, Juma'a zan biya in gaishe ta da Ummi a kafaɗa, in sa Inna ta yi mata bayani, tunda yanzu ta zama malamar ƙwai.

Mu nan in damina ta kama ana bin gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kowane wata kwana uku a jere. Abba na hango masu rabon zai shige ƙarƙashin gado saboda ɗacin. Ku da ruwa ba ya ɗaukewa, gidan sauro ne gatanku, ka tabbatar mai jego da jaririya ba sa kwana sai a ciki.

Sannan ka daina tura matarka, Banufiyarmu, asibiti ita kaɗai a keke napep kana fakewa da aiki. Ka ɗauki jakar, ka riƙe katin, ka zauna a benci. A can ma ba wanda ya san ka balle a sa maka suna.

In ka samu mai tahowa ka aiko mani da busasshen kifi da kirafish, malamar ta ce a riƙa dakawa a cikin abincin Ummi, kuma na kasuwarmu tsada ga ƙasa a ciki. Maman Abba tana gaida mai jego, ta ce akwai turaren wuta da yajin jego da ta haɗa, tana jiran direba. Ka turo hoton yarinyar mu gani ko Allah Ya taimake ta ta biyo uwarta.

Naka,
Baban Abba