Tankin ruwa a sama da madatsar Akosombo, lissafinsu ɗaya ne

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ni mai aikin famfo ne a Nima, cikin Accra. Shekara ashirin ke nan ina ɗora wa mutane tankin ruwa a sama, amma sai kwanan nan na san sunan abin da hannuna ya daɗe da sani. 'Yata da ke sakandare ce ta zo tana haddar wani lissafi kamar karatun allo, ba ta san inda ya dosa ba: nauyi sau 9.8 sau tsayi. Wai shi ne makamashin da ke ajiye a jikin abu saboda jan ƙasa, 9.8 ɗin kuma ma'aunin ƙarfin jan ƙasar ne. Na ce mata, taso mu je bayan gida ki gani da idonki.

Tankinmu lita 1,000 yake ci, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Yana bisa hasumiya mai mita 6. Muka buga, ya ba mu jul 58,800 (jul shi ne ma'aunin makamashi). Da za a mai da shi mita 12, sai adadin ya ninka. Haka ma in aka bar shi inda yake aka ninka ruwan. Abin da ya ba ni mamaki, jul 58,800 ɗin nan duka bai isa ya tafasa babban kofin shayi ɗaya ba, amma in hasumiyar ta karye a kan mutum, sai dai a yi masa addu'a. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an jera bulo marar ƙwari an ɗora tan guda na ruwa a kai, yara kuma suna wasa a ƙarƙashi. Maigida yana so ruwa ya zubo da ƙarfi a banɗaki, sai ya ce a ƙara tsayi, amma kuɗin rodi da siminti ya gagare shi.

Daga nan na kai ta Akosombo da baki. Madatsar da aka ƙaddamar a 1966 zamanin Nkrumah, tanki ne babba kawai. Ruwan tafkin Volta yana gangarowa ya juya injunan da ke ba da wutar lantarki. In ruwa ya ja baya, hasara biyu ake yi: ruwan ya ragu, tsayin da yake faɗowa ma ya ragu. Ƙafa 240 a ma'aunin tafkin ita ce iyakar ƙasa da aka sa wa ruwan don injunan su yi aiki. Wanda ya sha duhun 2007 da dumsor (yawan ɗauke wuta a Ghana) na 2015 ya san raguwar ruwan nan tana cikin dalilan.

Roƙona, Edita, ku ware mana ɗan fili kowane mako da malaman kimiyya za su riƙa bayyana irin wannan da Hausa, da misalin tanki da guga da rijiya. Magina da masu aikin famfo na Zango da yawa ba su yi boko mai zurfi ba, kuma su ne ke ɗora tankunan nan a kan gidajen mutane.

Wassalam.

Mai aikin famfo,
Nima, Accra