A koyar da sarautar Almasihu, a daina ƙirga ranar dawowarsa

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu masu wa'azi a ƙasar Zuru da sauran sassan Kebbi. Tun da rashin tsaro ya addabi Danko-Wasagu da Sakaba, wa'azin ƙarshen zamani ya yawaita a majami'u da WhatsApp, amma yawancinsa tsoratarwa ce da dabbar da ke cikin littafin Wahayin Yahaya da lambarta 666. Sarkin da annabcin ke magana a kansa, wato Almasihu, an bar shi a baya, kuma wannan yana damunmu ƙwarai.

Mai son koyar da batun daidai ya fara daga Daniyel 7:13-14. Can aka ga wani kamar Ɗan Mutum tafe cikin gizagizai, aka ba shi mulki da ɗaukaka da sarautar da ba za ta shuɗe ba. Hakan ya biyo bayan dabbobi huɗu ne, wato mulkoki huɗu na zalunci da aka ƙwace wa iko. A haɗa da Zabura 110:1 da 1 Korintiyawa 15:24-26, inda Bulus ya ce Almasihu zai yi mulki har ya sa dukan maƙiya a ƙarƙashin sawunsa, na ƙarshensu kuwa mutuwa ce.

Sai bayan nan a buɗe Wahayin Yahaya, kuma a karanta sura 5 kafin sura 13. A sura 5 aka ce wa Yahaya Zakin kabilar Yahuza ya yi nasara, da ya duba sai ya ga Ɗan Rago kamar an yanka shi. Ta hanyar ba da ransa ya sami gadon sarauta. Ko a sura 19, inda ya fito bisa farin doki da kambi masu yawa da sunan Sarkin sarakuna, takobinsa daga bakinsa yake fita. Wanda ya tsallake wannan zai zana wa jama'a sarki irin na duniya, har matasa su ɗauka ramuwar gayya aikin Allah ce.

Shekara dubu ta mulkin Almasihu da ke sura 20 an daɗe ana saɓani a kanta. Wasu sun ce zai dawo kafin ta fara, wasu bayanta, wasu kuma, kamar Agustin, malamin ikilisiya da ya rasu a shekarar 430, sun ce ita ce zamanin ikilisiya da muke ciki. Kada a raba ikilisiya saboda wannan. Shaidar bangaskiya da majalisar ikilisiya ta amince da ita a shekarar 381 ta ishe mu: zai sake zuwa cikin ɗaukaka, mulkinsa ba shi da ƙarshe.

Sa rana kuwa ba sabon kuskure ba ne. A Amurka mabiyan mai wa'azi William Miller sun jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba 1844, wasu ba su ko girbe gonakinsu ba. Wani mai wa'azin, Harold Camping, ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka ƙarar da ajiyarsu. Markus 13:32 ya riga ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar.

Haka batun alamar dabba. A sura 13 tana tafe ne da yi wa dabbar sujada, kuma masana da yawa suna danganta lambar da sunan Nero, sarkin Roma mai tsananta wa Kirista. Katin NIN ko allurar rigakafi ba sa neman sujada daga kowa. Idan fasto ya haɗa su da 666, yaro ne zai kasa yin rajistar JAMB, jariri kuma ya kamu da ƙyanda. Muna roƙon dattawan ikilisiya su riƙa tambayar duk mai irin wannan wa'azi sura da aya kafin su ba shi bagade.

Naka da girmamawa,
Wasu malaman Littafi Mai Tsarki,
Zuru, Jihar Kebbi.