A duba ƙarƙashin akwatin gefen babur kafin a biya kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu, don in yi magana da 'yan'uwana masu neman abinci a kan babur, musamman waɗanda suka fara sha'awar a haɗa musu akwatin nan mai ƙafa ɗaya da ake liƙa wa babur a gefe.

Ni mai raba burodi ne a Kazaure. Kullum da asuba nakan ɗauko daga gidan burodi in zaga shagunan cikin gari, in miƙe ƙauyukan hanyar Roni. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sawu biyu da nake yi ya fi ƙarfin ribata, kuɗin keke mai ƙafa uku kuma ba ni da shi. Shi ya sa na yanke shawarar a yi wa Boxer ɗina akwati a gefe, in kwashe kayan a sawu ɗaya. Abin ba baƙo ba ne a duniya. A ƙasar Filifin da irinsa ake haya a garuruwa da ƙauyuka, Rasha ma ta daɗe tana ƙera babur ɗin Ural da akwatinsa tun daga masana'anta. Mu a nan sai dai mai walda.

Na farkon da na saya, ido ne ya saya, ba hankali ba. Na gan shi a bakin wani shagon walda, an shafe shi da jan fenti yana ta ƙyalli, kuɗinsa kuma ya yi ƙasa da na kowa. Ban durƙusa na leƙa ƙarƙashinsa ba. Wata biyu da 'yan kwanaki, ina tafe da kaya cike da sanyin safiya, na faɗa wani rami da bai kai ya kawo ba, sai na ji ƙas! Ƙarfen da ya riƙe akwatin ta gaba ya ɓalle, akwatin ya buɗe kamar ƙofa, ya fizge ni zuwa cikin gonar gero. Allah ya kiyaye babu mota a bayana. Na tashi da targaɗe a wuyan hannu, burodi ya watse cikin ƙasa. Da na ɗauki guntun ƙarfen na duba, abin da na gani har yau yana ci mini rai: waldar ɗigo huɗu ce kawai aka ɗosana, aka cike sauran da fila, aka bi da fenti. Bakin bututun kuwa bai fi kaurin gwangwanin madara ba, cikinsa duk tsatsa, tsohon ƙarfen gado ne aka yanko. A kan wannan na ɗora raina da jarina.

Da hannu ya warke, sai na ɗauki wani dattijon bakanike da ya san aikin ƙarfe, muka zaga wurin masu walda uku kafin in sake fitar da ko sisi. Shi ya koya mini duba. Da muka isa shago na farko bai ko kalli fenti ba, cewa ya yi a kifa akwatin. Ya nuna mini cewa walda mai kyau tana zagaye bakin bututu gaba ɗaya, layinta a jere kamar saƙar kitso, babu ramuka, babu kumfa. Wadda ta taru ƙudu-ƙudu kamar kashin kaza, a saman ƙarfen kawai take zaune, ba ta ci ciki ba. Ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa firam ɗin, ya ce in saurara: bututu mai kauri amonsa a dunƙule yake, siriri kuwa yana kuka kamar langa. Tun daga ranar na ƙudura cewa ba zan karɓi akwatin da aka riga aka yi wa fenti ba. In gan shi tsirara tukuna.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wurin haɗi. Akwatina na farko wuri biyu kawai aka kama shi, ɗaya ma a jikin ƙarfen taka ƙafa. Dattijon ya ce wuri huɗu ya kamata, biyu a ƙasa biyu a sama, dukansu a jikin firam ɗin babur ɗin, da kusoshi da notuna masu kauri waɗanda za a iya sassautawa a daidaita. Wanda ya walde akwati kai tsaye a jikin babur ya hana ka gyara saiti, zafin wutar kuma yana iya raunana firam ɗin. Saitin nan kuwa shi ne ran abin. Tayar akwati ba daidai da tayar baya take zama ba, tana ɗan gaba da ita kamar taƙi guda. Bakinta yana ɗan karkatowa wajen babur kaɗan, abin da bai wuce faɗin yatsa ba in an auna da dogayen katakai biyu miƙaƙƙu. Shi kuma babur ɗin yana ɗan jingina waje, nesa da akwatin. In aka rasa wannan, kan babur zai yi ta ja gefe, kafaɗarka ta yi tsami kafin azahar, taya ta cinye a wata guda. A cikin masu waldan nan uku, ɗaya ne kawai ya ɗauko katako ya auna a gabanmu. Shi na ba aikin, duk da ya fi sauran tsada da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Bututun ma da kaina na je Ƙofar Ruwa a Kano na zaɓo sabo.

A duba ƙafar ita ma. A ɗaga ta a girgiza hagu da dama, in tana wasa boris ɗin ya mutu ko tsoho aka sa. A tabbatar girmanta ɗaya da na babur, don taya da tib su zama iri ɗaya in an yi faci a daji. Akwatin da babu abin da ke shanye masa gargada, duk dukan da hanya ta yi masa a kan waldar yake sauka.

Wani abokina ya nuna mini hotunan na Indiya a waya, yana son ya yi oda. Na ce masa ya fara tambaya wane gefe aka yi shi. Indiya hannun hagu suke tuƙi, akwatinsu na gida a hagu yake. Mu tun 1972 muka koma dama, Nijar ma dama ce, don haka namu a dama ya kamata ya zauna, wajen bakin hanya, ba wajen motocin da ke tahowa ba.

Ko mai kyau ka samu, tuƙinsa daban ne, wannan kuma babu mai waldar da ya gaya mini. In ka ba da wuta yana ja wajen akwatin, in ka taka birki yana ja ɗaya gefen. In ka sha kwanar dama da gudu kuma babu kaya a ciki, ƙafar akwatin tashi take yi sama. Ni idan na sauke burodi nakan bar ɗan buhun yashi a ciki don dawowa. Injin Boxer ƙarami ne, ba a yi shi don buhunan masara biyar ba, kulochi da sarƙa su za su fara gaya maka.

Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilinku ya zaga shagunan walda ya ɗauko wa masu karatu hoton waldar kirki da ta algus gefe da gefe. Ina kuma kira ga malaman injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke nan Kazaure, da su zana tsari guda mai awo, su kira masu waldanmu su koya musu ko na mako ɗaya ne. Guntun ƙarfen nan da ya ɓalle yana nan a ajiye a wurina, in wakilinku ya zo zan ba shi ya ɗauki hotonsa.

Naku,
Mai raba burodi,
Kazaure, Jihar Jigawa.