Wasiƙa zuwa ga Ɗanladi

Bronx, New York

Assalamu alaikum Alhaji Ɗanladi, sarkin 'yan Kwari.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Tun babbar sallah ka yi ɗif, ko cinikin atamfa ne ya hana ka ɗaga waya? Akwai tambayar da nake son yi maka kan filin nan, amma tukuna, albishirinka! Ɗana Habibu ya shiga jami'a, Lehman College, nan kusa da mu, zai karanta aikin jinya. Kai ne ka rantse yaron da ya gagari Malam Na'ibi ba zai taɓa zama a aji ba. To, a aiko da goro.

Kuma ko sisi ba mu biya ba. Ka san shekara huɗu ya yi a sojan Amurka. Suna da doka, GI Bill, wadda Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a 1944 saboda sojojin yaƙin duniya na biyu, aka yi sabuwa a 2008 don waɗanda suka yi aiki bayan harin 11 ga Satumba. Duk wanda ya cika shekara uku a bakin aiki, aka sallame shi da mutunci, gwamnati za ta biya masa kuɗin jami'ar jiha gaba ɗaya, har wata 36 na karatu. Makaranta ake tura wa kai tsaye. Shi kuma duk wata ana ba shi kuɗin haya gwargwadon tsadar garin, ga na littattafai har dala 1,000 a shekara. Ranar da takardar ta iso, uwarsa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, sannan ta naɗe ta a leda ta sa a jakar fasfo. Ban ga laifinta ba, don ita ta san daren da ta raba tana sallah lokacin da yake soja. Har yanzu barcinsa bai daidaita ba, a ci gaba da sa shi a addu'a.

Af, Garba Direba ya ƙara aure, wai 'yar Damagaram. Da wannan tumbin!

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ƙaninka Auwalu ya kira ni daga Texas, wai baɗi zai ajiye kaki, kuma shi boko ya wuce shi. To Zainab fa? Doka ta yarda ya mayar wa 'yarsa wannan haƙƙin karatu na GI Bill, amma sai yana cikin aiki, ya cika shekara shida, ya kuma sa hannu zai ƙara huɗu. Shidan ya riga ya wuce su. Ranar da ya fita kuwa, ƙofa ta rufe. Na san shekara huɗu a soja ba wasa ba ce, ba zan ce dole ba, amma kada ya yanke shawara bai san abin da zai bari ba. Ni yana jina ne kawai, kai kuwa Yaya ne. Don Allah ka kira shi cikin makon nan, ka sa matarsa a maganar.

Alhaji Musa zai taso ƙarshen wata. Ka aiko min da kilishi ta hannunsa, mai yaji, ba irin na bara da ka ce ɓera ya cinye ba. Ka gaida Inna, ka ce Habibu na nan tafe da hutu in Allah ya yarda.

Naka,
Sule