Tsafin da ba shi da makari kashe labari yake yi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da matasan da ke rubuta labaran yaƙi da aljanu, waɗanda yanzu ake karantawa a waya har a ƙauyukanmu na Ringim da Taura. Ciwon yawancinsu ɗaya ne: an ba jarumi tsafin da ba ya ƙarewa, ba ya cin komai, kuma ba shi da makari. Da abokan gaba sun ƙure shi sai marubuci ya zaro masa sabon zobe. Daga nan gaban mai karatu ya daina faɗuwa, tunda ya san ba abin da zai sami jarumin.

A hirar tsofaffinmu kowane asiri aikinsa guda ne. Sagau yana sandarar da hannun da ya ɗaga makami, kau-da-bara yana kautar da kibiya, baduhu yana rufe idon mai nema. Ɗan tauri ƙarfe ba ya cin sa, amma ana cewa sillen kara yana yanka shi. A wannan giɓin labari yake samun rai.

Don haka kafin a fara babi na ɗaya, marubuci ya rubuta wa kansa inda ƙarfin ya fito, abin da ake biya, da abin da ke karya shi. Makarin ya fito tun a kashi ɗaya cikin huɗu na farkon littafi, ko da a bakin wata tsohuwa da ba wanda ya saurara, sannan a yi aiki da shi kusa da ƙarshe. In sai a shafin ƙarshe ya ɓullo, mai karatu zai ji an yi masa zamba. Farashin ma ya riƙa hawa: yau baƙin zakara, gobe baƙin bunsuru, karo na uku abin da ba a sayarwa a kasuwa, kamar jarumi ya manta fuskar mahaifiyarsa. Ta haka ne ma labari ke nuna sharrin sihirin da addini ya haramta, ba sai an tsaya wa'azi ba.

Sai dalilin mugu. Bokan da kawai yake so ya mallaki duniya fanko ne. A ba shi bashin aljani da wa'adinsa ya kusa, ko sarautar gidansu da aka hana shi. Aljanin ma a tambaye shi me ya sa yake wa bil'adama bauta. Wanda aka ɗaure jiran ranar kuɓuta yake, zai ci amana da zarar ya ga ƙofa. Wanda aka yi ciniki da shi kuwa zai cika alkawari daidai da lafazin da aka furta, ya bar abin da ake nufi, kuma a ganina ya fi na farkon ban tsoro nesa ba kusa ba.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Ringim, Jihar Jigawa