Rahoton Ayyukan Shekara Zuwa ga Mambobi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarurrukan wata-wata an yi su, ban da biyu da aka ɗage saboda mutane ba su fito ba.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne ranar dafa gishiri. Baƙonmu, malamin da ya daɗe yana aikin tonon kayan tarihi a kufai, ya buɗe da labarin Solnitsata, kusa da garin Provadiya a Bulgariya, inda Farfesa Vasil Nikolov ke jagorantar tono tun 2005. Mutanen wurin sun fara dafa ruwan gishirin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a cikin tukwane tun wajen shekara 5500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya suka kewaye garin da ganuwar dutse, don a zamanin gishiri dukiya ce. Wata 'yar uwa ta tambaya me ya sa tsingaro ya fi komai yawa a irin waɗannan wurare. Malam ya ce a hura wuta tukuna.

Muka jera ƙananan tukwane a kan murhu, ruwa na ƙonewa ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Biyu suka tsage tun da hantsi, hayaƙi ya sa kowa hawaye. Sai bayan la'asar gishirin ya daskare, ya manne wa tukunya ƙam, ba yadda za a fitar da shi. Malam ya miƙa wa ƙaramin cikinmu dutse ya ce, "Fasa." Sai ga ɗan kantu mai ruwan toka, da siffar tukunyar sak. Muka dubi ƙasa, yini ɗaya kawai ga tsingaro ya taru a gabanmu, balle garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana wannan sana'a. Mai tambayar da kanta ta ce ta gane.

Yanzu batun ɗan littafin da muka yi alkawari. Ba a buga ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. An rubuta laccar malam da za a sa a ciki, an zaɓi hotuna. Ɗan abin da ke asusu ya tafi a tukwane, itace da kuɗin motar baƙo. Ziyarar wurin tono ma haka ta ruguje: mai mota ya nemi kafin alƙalami, masu rubuta suna da yawa, masu biya 'yan tsiraru.

Wallahi na gaji da bin mutane kamar mai bin bashi. Akwai waɗanda rabonsu da kuɗin wata tun farkon shekara, amma su ne kan gaba wajen tambayar ina littafi a WhatsApp. Aikin nan sa kai muke yi, mu ma muna da iyali.

Ma'aji zai zo taro mai zuwa da littafin asusu a buɗe, kowa ya duba sunansa. Kantun yana wurina, zan kawo wa waɗanda ba su zo ba su gani.

Sakatare