Wasiƙa ga Iyaye: Ƙananan Maganaɗisun da Ke Hannun Yaranmu

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara.

A makon jiya malamin kimiyya ya karɓe wasu ƴan ƙananan maganaɗisu masu sheƙi kamar azurfa daga hannun ɗalibai. Wasu sun ciro su daga lalatattun abin sauraro na kunne, wasu daga tsofaffin kwamfutoci da suka tsinto a bola. Abin ya tayar mana da hankali, shi ya sa muka rubuto muku.

Wannan ba irin baƙin maganaɗisun tsohuwar rediyo ba ne da muka sani muna yara. Ana haɗa shi da ƙarfe da wani ma'adini da ake kira niyodimiyam, kuma tun farkon shekarun 1980 aka fara ƙera shi. Biyu daga cikinsu na iya matse fatar yatsa har jini ya taru. Idan biyu suka haɗu da ƙarfi sukan tarwatse, ɓarɓashin ya shiga ido.

Babban abin tsoro shi ne haɗiyewa. Yaro ya haɗiyi biyu, ko ɗaya da wani ɗan ƙarfe, sai su jawo juna ta cikin hanji, su matse naman da ke tsakani, jini ya daina kaiwa wurin, hanjin ya huje. Alamun farko kuwa ciwon ciki ne da amai da zazzaɓi, waɗanda kowace uwa za ta ɗauka ciwo ne na yau da kullum. Har manyan ɗalibai ba su tsira ba, don wasu kan maƙala shi a hanci ko a leɓe a matsayin ado.

Don Allah, idan kuna zargin yaro ya haɗiye shi, kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, kada a jira ya fito da bayan gida. A kai shi asibiti nan take, a faɗa wa likita ƙarara cewa maganaɗisu ne, domin a ɗauki hoton cikinsa. Haka nan a nisanta maganaɗisun da duk wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya.

Ku duba aljihu da jakar makaranta yau da dare. Duk yaron da ya kawo nasa ofishinmu da kansa, ba za a hukunta shi ba.

Wassalam,
Shugaban Makaranta